Kuɗin Lalle a Hanyar Samnu

Wanda ya fita daga Sabha, babban birnin Fezzan a kudancin Libiya, ya hau kwaltar da ta nufi arewa maso gabas, zai fara wuce Tamanhint da sansanin jiragen samanta, kafin awa guda ta cika kuma ya hango duhun itatuwan dabino a tsakiyar rairayi. Samnu ke nan. Gaba kaɗan akwai Zighan, kuma waɗannan garuruwa uku su ake haɗawa a kira Bawanis. In an wuce su sai fili fetal, sai baƙaƙen duwatsun da ke kudu da Sokna, sai doguwar tafiya har bakin teku. Ƙaramin gari ne, amma a zamanin raƙumi zango ne a kan hanyar da ta haɗa Tarabulus da Murzuk. Ta nan matafiya Turawa George Francis Lyon da Joseph Ritchie suka bi a 1819, ta nan kuma Gustav Nachtigal ya ratsa a 1869 ɗauke da kyautar Sarkin Prusiya zuwa ga Shehu Umar na Borno. Ayarin da ke tahowa daga kudu yakan zo da turkuɗin Kano da jar fata da gashin jimina da hauren giwa, yakan kuma koro bayi. Fuskokin waɗannan mutane ɗauke suke da tsagar Gobir da Katsina da Borno, aikin askar wanzaman garuruwansu, har dillalin da ya ƙware yana iya karanta asalin mutum a kumatunsa. Cinikin ayari ya ƙarasa mutuwa bayan 1911, shekarar da dogo ya iso Kano, sojojin Italiya kuma suka sauka Tarabulus. Hausawa dai ba su daina zuwa Fezzan ba. 'Yan Damagaram da Maraɗi da Kano suna tahowa har gobe, sai dai yanzu a bayan Hilux suke zuwa, neman ƙwadago a gonaki da wuraren gini.

Zane a jikin mutum daɗaɗɗen abu ne a wannan yanki. A kabarin Fir'auna Seti na Ɗaya, wanda ya yi mulki fiye da shekara 3,000 da suka wuce, an zana mutanen Libiya da alamu a hannuwa da ƙafafu. Har cikin ƙarni na 20 matan makiyaya a Arewacin Afirka suna yin jarfa da allura da baƙin hayaƙi a haɓa da goshi da bayan hannu, kamar yadda matan Hausa da na Fulani suke yi da aska da baƙin tukunya. Wannan al'ada ta ja baya ƙwarai, har ta kai in ka ga jarfa a fuska to galibi fuskar tsohuwa ce. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya la'anci mai yin jarfa da wadda ake yi wa, ya isa kunnen kowa, a Najeriya kuma sashe na 24 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya hana a yi wa yaro tsaga ko zanen allura. Don haka garin Malikawa irin Samnu ba wurin neman shagon zane da inji ba ne. Abin da ya tsira, ya ma ƙara bunƙasa, shi ne lalle, wanda yake fita bayan 'yan makonni, malamai kuma ba su da ja a kansa ga mata. Daga Tarabulus har Kano ba a kai amarya sai an yi mata ranar lalle, kuma a watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta shigar da shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada, bisa roƙon ƙasashen Larabawa 16. A hannun mai lalle da wanzami ne maganar da nake son yi take zaune: shin daidai ne mai sana'ar adon jiki ta karɓi kuɗi mai yawa daga mai hali, kaɗan daga marar hali, alhali aikin iri ɗaya ne?

A ƙasashen da zanen allura ya zama kasuwa ake ta muhawara a kan wannan yanzu. A Amurka da Ingila mai zane yakan yi lissafi da awa, yana da mafi ƙarancin kuɗin da zai kunna injinsa a kai, yana kuma karɓar kafin alƙalami kafin ya ba mutum rana. A 'yan shekarun nan wasunsu sun fara yanka farashi hawa-hawa: mai albashi mai tsoka ya biya cikakke, mai matsakaicin samu ya biya ƙasa da haka, ɗalibi ko marar aiki ya biya mafi ƙanƙanta, kuma mai saye ne yake faɗin matakin da yake. Akwai dalilin da ya sa abin ya taso a wannan sana'a. Binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 32 cikin 100 na manyan Amurka suna da zane a jiki, amma a cikin masu ƙaramin ƙarfi kashi 43 ne, a cikin masu hali kuma kashi 21. Wato aikin da kuɗinsa yake yi wa talaka nauyi, talakan ne ya fi nemansa. Ra'ayina shi ne wannan tsari daidai ne, adalci ne kuma, amma da sharaɗi guda: a san farashin asali, kowa ya ji shi, sannan a riƙa saukowa daga kansa saboda marar hali. Ranar da aka ɓoye farashin asali aka koma auna mutum da ido ana hawa, sunan abin ya canza, ko da lissafin ya yi kama.

Abin da ake kira sabon tsari a can, a ƙasar Hausa ya girmi kakan kowa. Kowane gida yana da wanzaminsa, wanda ya gaji gidan daga ubansa kamar yadda ya gaji zabira. Ranar suna zai zo ya yi wa jariri aski, ya cire beli, a da can ya yi tsagar gado, kuma ba wanda zai ji an yi tayi ko an ce albarka. Attajiri zai ba da kuɗi da riga da kaso mai kyau na naman rago, talaka ya kawo kwanon hatsi da 'yan canji yana cewa a yi haƙuri, wanzami ya karɓa ya yi addu'a iri ɗaya. Da kaka kuma manomi ya aika masa da dami. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau wajen 1950, ya lura cewa Hausawa suna tafiyar da musaya iri biyu a lokaci guda, ta kasuwa inda ake ciniki, da ta al'ada inda zumunci da matsayi suke yanke abin da za a bayar. Aikin wanzamin gida yana cikin ta biyu. Haka ma mai ƙunshin unguwa: 'yar maƙwabta marainiya a ce ta kawo abin da ya sawwaƙa, 'yar Alhaji kuma uwar amarya ta san cewa in ta ba da abin da marainiya ta bayar, maganar za ta riga ta isa gidan biki. Babu takarda, babu jadawali, amma kowa ya san abin da ake kira ladan aiki na mutunci a wannan shekara, ya kuma san wanda aka yafe wa.

Me ya sa wannan yake yiwuwa a lalle, ba ya yiwuwa a kayan shago? Amsar tana nan a gidajen man Fezzan. Farashin gwamnati na litar fetur a Libiya dirhami 150 ne, yana cikin mafi araha a duniya, kuma farashi ɗaya ne ga kowa a kan takarda. Amma a kudu sau da yawa gidajen mai a rufe suke, ko layi ya yi tsawon da ba a ganin ƙarshensa, man kuma yana bakin titi a jarka da ninkin farashinsa sau da yawa, wani ma ya tsallaka iyaka zuwa Nijar da Chadi. Duk abin da za a iya ɗurawa a jarka, in ka sayar wa wani da araha zai ɗauka ya sayar wa wanda ka so ka caja da tsada, rangwamenka ya zama ribar ɗan tsakiya. Lalle ba ya shiga jarka. Wadda aka yi wa ragi ba ta da hanyar cire furen daga tafinta ta sayar wa matar ɗan kasuwa. Masana tattalin arziki, tun daga Arthur Pigou a 1920, sun bayyana cewa bambanta farashi ba ya tsayawa sai inda mai saye ba zai iya sake sayarwa ba, shi ya sa aka fi ganinsa wajen likita da lauya da malami da mai aski. Wannan ne ya ba mai adon jiki damar yin sauƙi. Shi ne kuma ya ba ta damar yin zalunci, domin ikon ɗaya ne.

Ƙorafi na farko da mai hankali zai kawo shi ne: aiki ɗaya, lalle ɗaya, awa ɗaya, don me Hajiya za ta biya ninki biyu? Ai ba ita ta ɗora wa maƙwabciyarta talauci ba. Ƙorafin yana da nauyi, amma ya ɗauka cewa farashi ɗaya ba ya goyon bayan kowa, kuma gari kamar Samnu yana nuna ba haka ba ne. Dubi masu zuwa gaban mai lalle a irin wannan wuri. Akwai matar ma'aikacin gwamnati, domin mafi yawan masu aiki a Libiya daga baitulmali suke karɓar albashi, albashin da yakan makara, in ya zo kuma a yi ta layi a banki ana neman takardar kuɗi. Akwai matar mai gonar dabino, wanda kuɗinsa yake shigowa sau ɗaya a shekara, lokacin girbi. Akwai kuma matar lebura daga kudu, wanda ake biya kullum ko a ƙi biya. A 2023 hukumar ƙaura ta IOM ta ƙidaya baƙi fiye da 700,000 a Libiya, kusan ɗaya cikin huɗu 'yan Nijar ne. In mai lalle ta yanka farashi ɗaya a ma'aunin mai albashi, ta kori sauran biyun, ta zauna hannu rabbana a ranakun da babu biki. In ta yanka shi a ma'aunin lebura, ba za ta fitar da kuɗin kaya da na cefane ba, ta bar sana'ar, Hajiya kuma ta koma biyan mota zuwa Sabha. Farashi hawa-hawa ne yake riƙe ta a garin. Abin da Hajiya take biya shi ne farashin aikin na gaskiya, wanda da ma za ta biya ko babu talaka a duniya. Ba a ƙara mata komai ba. Wata aka rage wa, kuma daga ladan mai aiki aka rage, ita ce da haƙƙin yafe shi.

Ƙorafi na biyu ya fi wuyar amsawa: mutane za su yi ƙarya. Akwai shaida mai ƙarfi a bayansa. Kamfanin abinci na Panera ya buɗe shago a Clayton ta jihar Missouri a 2010, inda mai ci yake biyan abin da ya ga zai iya. Irin waɗannan shaguna suka kai biyar a birane daban-daban, ba su iya riƙe kansu ba, aka yi ta rufe su ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe a Boston a 2019. Sai dai a duba inda aka yi gwajin: babban birni, baƙo yana hidima wa baƙo, mutum ya ci ya fita ba mai sake ganinsa. A Samnu, ko a Dala, ko a tsohon garin Zinder, mai lalle ba ta bukatar takardar albashi. Ta san wanda ya yanka raƙumi da layya, ta san wadda mijinta ya kwanta ciwo tun bara, ta san gidan da aka kai lefe akwati nawa. Ƙarya ba ta da wurin ɓuya, kuma kunyar a ce mai hali ta biya kuɗin marainiya ta fi ƙarfin 'yan dinarin da za ta tsira da su. Ko a inda ba a san juna ba akwai dabara. Asibitin ido na Aravind, wanda Dokta Govindappa Venkataswamy ya kafa a Madurai ta Indiya a 1976 da gado 11, yana barin majiyyaci ya zaɓi sashen biya ko na kyauta da kansa, ba a tambayarsa shaidar talauci. Likitocin ɗaya ne, ingancin aikin ɗaya ne, babban bambancin yana ga ɗaki da jin daɗin kwanciya. Mai hali da kansa yake zaɓar ɗaki mai kyau, kuɗinsa kuma ya ɗauki nauyin na kyauta. Mai lalle mai wayo haka take yi ba tare da ta taɓa jin sunan Madurai ba: wadda take son a je mata gida, a ranar da ta zaɓa, da zane har gwiwar hannu, ta biya cikakke, wadda za ta zo da ƙafarta ranar Talata da hantsi, ta jira layi, a yi mata ragi.

Yanzu sai a juyo da mota zuwa Sabha, domin a can ne ake ganin ɗayar fuskar wannan lissafi, kuma ba zai yiwu a yi maganar biyan kuɗi gwargwadon hali a Fezzan a tsallake ta ba. A watan Afrilun 2017 hukumar IOM ta ba da rahoton cewa ana sayar da baƙi 'yan Afirka ta Yamma a Sabha, ana tsare su a gidaje, ana dukansu a sa su kira danginsu a waya don a aiko da kuɗin fansa. Masu wannan aika-aika su ma ba farashi ɗaya suke yanka wa kowa ba. Suna auna abin da dangin mutum za su iya tarawa, shi ya sa aka fi tsawwala wa 'yan Eritiriya da Somaliya, waɗanda ake ganin suna da 'yan uwa a Turai. Ba ina haɗa mai lalle da mai garkuwa ba ne, Allah ya kiyaye. Ina nuna ƙarshen hanyar da ake hawa in aka ce kowa ya biya iya ƙarfinsa ba tare da rufi a sama ba. Ƙananan siffofinta suna ko'ina a wannan tafiya: direban da ya ji harshenka ya ninka kuɗin mota, mai ɗakin haya da ya san ba ka da takarda, mai gyaran amarya da ta bari sai an zauna, baƙi sun taru, sannan ta faɗi kuɗinta. Duk waɗannan suna duban halin mutum, amma abin da suke aunawa shi ne rashin mafitarsa. Malaman Malikiyya sun san wannan tuntuni. Sun yi magana a kan wanda ya miƙa wuya ga mai sayarwa, ya ce sayar mini yadda kake sayar wa mutane, suka ce in aka cuce shi yana da damar warware cinikin. Hukuncin ba zai yi ma'ana ba sai in akwai wani sanannen abu da ake kira yadda ake sayar wa mutane. Wannan sanannen abu shi ne farashin asalin da nake nacewa a kansa.

Daga fiƙihu kuma wani ƙorafin yake fitowa. Ɗalibin da ya karanta littafin Risala, a zauren Kano ne ko a masallacin Fezzan, zai ce sharaɗin ijara shi ne a san lada kafin a fara aiki, don haka "kawo abin da Allah ya hore" ciniki ne cikin duhu. Gaskiya ne, amma malaman da suka kafa sharaɗin su ne suka halatta shiga gidan wanka ba tare da an ƙayyade ruwa ko lokaci ba, saboda al'ada ta riga ta yanke, kuma ba a rigima a kai. Ya tabbata a hadisi cewa Abu Ɗaiba ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho, aka sallame shi da abinci, aka kuma nemi iyayen gidansa su rage masa harajin da suka ɗora masa. Inda al'ada take da ƙarfi, ita ce takardar yarjejeniya. Inda ta yi rauni, kamar birnin da amarya ta samo mai lalle a Instagram, sharaɗin malamai ya dawo da cikakken ƙarfinsa: a faɗi kuɗi, a yi ragi in za a yi, a amince, sannan a kwaɓa lalle.

Wasu za su ce duk wannan ɓata baki ne, lalle ba magani ba ne, iya kuɗinka iya shagalinka. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tunanin amaryar da za a kai ɗaki da farin hannu ba, ko yarinyar da za ta fita yawon Sallah ita kaɗai ba ƙunshi cikin ƙawayenta. A al'ummar da ado yake cikin sharuɗɗan shiga taro, hana shi korar mutum ce daga taron.

Akwai dai wurin da ragi bai kamata ya taɓa ba, kuma a nan ne tsarin ya fi yawan lalacewa. Kuɗin adon jiki kashi biyu ne, na kaya da na hannu. Mai aiki tana da ikon yafe ladan hannunta duka in ta so, amma ba ta da ikon rage ingancin abin da za ta ɗora a fatar mutum. Lallen gaskiya ja yake bayarwa zuwa ruwan ƙasa, kuma yana son awoyi kafin ya kama. Baƙin da ake yayi, mai kamawa cikin ɗan lokaci, sau da yawa rinin gashi ne mai ɗauke da sinadarin PPD, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda a shafa shi a fata ba. Yana iya tayar da ƙuraje masu ruwa, ya bar tabo a siffar furen da aka zana, ya kuma bar jiki yana ƙin sinadarin har abada. Asibitocin Sudan sun daɗe suna karɓar waɗanda ya yi wa illa. Da yake yana da araha, yana kuma da sauri, shi ne jarabar da ke gaban mai lallen da ta yi ragi tana son ta mayar da asararta: mai kuɗi a yi mata da kaya mai kyau a natse, ta ragi a zuba mata rini a sallame ta. Haka wanzamin da zai buɗe sabuwar reza a gidan Alhaji ya goge tsohuwa a gidan lebura, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 254 ne suke ɗauke da ciwon hanta nau'in B a 2022, kuma ƙarfen da ya taɓa jini yana cikin hanyoyin yaɗa shi. Masu zanen allura na Turai da suke yin farashi hawa-hawa ba sa sauka ƙasa da kuɗin sabuwar allura da safar hannu da tawada, kuma daidai suka yi. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Maganar gaskiya ce in arahar daga kaya aka cire ta, shi ya sa matakin ƙasa dole ya tsaya a kan kuɗin kaya masu kyau. Wadda ba ta da ko wannan, gara a yi mata kyauta a san sadaka aka yi, da a karɓi 'yan kuɗinta a ƙona mata hannu.

Sauran tambayar ita ce wa yake ɗaukar nauyin alherin. Mai lalle ba asibitin Aravind ba ce. Sau da yawa ita ma bazawara ce mai 'ya'ya, ko yarinya mai tara kuɗin makaranta, kuma al'adar "ai 'yar gida ce" tana iya cinye ta, kowa ya zo da dangantaka ba mai zuwa da kuɗi. Wanzamin zamanin da yana da damin kaka da ke cike masa giɓi. Ita ba ta da shi. Don haka ragin da zai ɗore shi ne wanda ita ta yanka wa iyaka. Jajiberin Sallah da watannin da bukukuwa suka yi yawa, lokacin da kowace awa tana da mai saye da cikakken kuɗi, ragi asara ce tsantsa, kuma ba laifi ta ce babu. A ranakun da ba kowa, awar da ta sayar da rabin kuɗi riba ce, domin da ma a banza za ta wuce.

In aka bi hanyar kudu, ta Gatrun da Tummo da Dirku da Agadas har Damagaram da Kano, za a tarar cewa sanin juna, wanda shi ne ginshiƙin tsohon tsari, yana raguwa a duk inda gari ya girma. Mai lallen Kano ta yau ba ta san amaryarta ba, sai ta koma tambaya a waya: a wace unguwa ne bikin, a wane ɗakin taro? Amsar Nasarawa da ta Kurna ba kuɗi ɗaya suke jawowa ba. Ma'auni ne mai kaushi, domin akwai mai aikatau a Nasarawa, akwai attajiri a Kurna, kuma in ba ta rubuta farashinta a fili ba, tambayar ta fi kusa da ta direban Sabha fiye da ta wanzamin gida. Hausawan zango sun taɓa warware irin wannan matsala. Abner Cohen, a binciken da ya wallafa a 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda maigida yake tsaya wa baƙon da ba a sani ba har a yi cinikin shanu da goro bisa bashi, domin sunansa ne jingina. Ƙaramar siffar wannan tana aiki a sana'ar lalle: tsohuwar mai zuwa ta kira ta ce, "Yaya, ga ƙanwata nan, marainiya ce, a duba mata," mai lalle ta rage saboda ta san mai maganar, mai maganar kuma ba za ta zubar da mutuncinta a kan ƙarya ba. Wadda wannan bai kai gare ta ba ita ce sabuwar zuwa, matar leburan da ya sauka gonar dabino a Bawanis watan jiya, ba ta jin Larabci, ba ta da mai tsaya mata. Ita ba ragi ne farkon bukatarta ba, bukatarta ta ji farashin da ake faɗa wa 'yan gari. Shi kansa farashin ba ya zama wuri ɗaya: a watan Janairun 2021 Babban Bankin Libiya ya karya dinari daga kusan 1.4 zuwa 4.48 a kan dala, a watan Afrilun 2025 ya sake rage masa daraja da kimanin kashi 13 cikin 100, kuma duk lokacin da haka ta faru kayan kwalliyar da ake shigowa da su sukan tashi, 'yan gari su ji sabon kuɗin a bakin juna, baƙuwa kuwa sai ta tambaya.